Yarinya ta iya lissafi, amma giraf da jadawali na kayar da ita

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da yarinya a aji biyar na firamare. Tarawa da ɗebewa da sau duk ta iya, har da rabawa. Amma da zarar an kawo tambaya mai zanen sanduna ko jadawalin lokaci sai ta rikice, wani lokacin ma ta tsallake ta bar wurin babu amsa. Baɗi za ta zauna jarrabawar shiga sakandare. Ni ba malama ba ce, a sakandare na tsaya. Me zan iya yi mata a gida?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Ki kwantar da hankalinki, yarinyar da ta iya rabawa a aji biyar kanta na ja. Abin da ya rage mata shi ne karanta wani irin rubutu da ba a taɓa zaunar da ita an nuna mata yadda ake karanta shi ba. A boko ta saba bin layi daga hagu zuwa dama, a islamiyya kuma daga dama zuwa hagu. Shi kuwa jadawali so yake ido ya gangaro daga sama, ya kuma taho daga gefe, su haɗu a gida ɗaya. Giraf, wato zanen ƙididdiga, ya fi haka buƙata: tsawon sanda ne ke faɗin lamba, lambar kuma tana can gefe a jikin wani layi, sai an bi ta an ɗauko. Ba wanda ake haihuwa da sanin wannan. Mutane sun shafe dubban shekaru suna lissafi kafin wani mutumin Sukotland mai suna William Playfair ya buga giraf mai sanduna a 1786. Ƙa'ida ce da aka tsara, don haka sai an koyar da ita dalla-dalla.

A manhajar firamare da hukumar NERDC ke tsarawa, wannan darasi yana ƙarƙashin ƙididdigar yau da kullum, kuma a littattafai da dama can ƙarshe yake zuwa. Abin da nake gani shi ne zango na uku ya zo, jarrabawa ta matso, malami ya zana giraf ɗaya a allo, yara su kwafa, a wuce. Yaro ya kwafi zane mai kyau a littafinsa alhali bai san abin da zanen ke cewa ba. Ina kyautata zaton haka ta faru da 'yarki, kuma ba laifinta ba ne.

Kafin ki koya mata komai, ki fara gano inda gizo ke saƙar. Ki ɗauko tambaya ɗaya daga cikin waɗanda ta faɗi, ki zauna kusa da ita, ki ce ta karanta miki da ƙarfi. Daga nan ki faɗa mata tambayar da Hausa, kada ki taɓa zanen. In ta ba ki amsa nan take, to Turancin ne ke riƙe ta, musamman kalmomin da ke nufin “da nawa ya fi”, “gaba ɗaya”, “mafi ƙaranci”, “tsakanin”. Yara da yawa in aka tambaye su da Turanci da nawa mangwaro ya fi lemo, sai su rubuta yawan mangwaron kawai, saboda kalmar “fi” suka ji, ba su ji cewa bambanci ake nema ba. In haka ne, aikinki ya ragu ƙwarai: ku riƙa yin tambayoyin da Hausa tukuna, sannan da Turanci, har kalmomin nan su zauna mata. In kuwa da Hausar ma ta tsaya tana kallon takarda, sai ki ce ta nuna miki da yatsa inda za ta fara dubawa. Yatsan nan zai gaya miki abin da bakinta ba zai iya faɗa ba.

Ni da jadawali nake so a fara, don shi ne ya fi kusa da rayuwarta. Ki samo kiret ɗin ƙwai wanda babu komai a ciki. Gida talatin ne, layi biyar ta wannan gefe, shida ta wancan. A gefen mai biyar ki liƙa 'yan takardu masu sunayen mutanen gida biyar, har da ita. A gefen mai shida ki liƙa ranaku, Litinin zuwa Asabar. Ki ajiye kwanon wake a kusa. Duk wanda ya yi shara ko wanke-wanke ko ɗebo ruwa, ita za ta jefa masa ƙwayar wake ɗaya a gidansa na ranar. Ranar Laraba in Auta ya share tsakar gida, dole ta ɗora yatsan hagu a kan sunan Auta, na dama a kan Laraba, ta jawo su har su haɗu, nan waken zai faɗa. Wannan haɗuwar yatsu biyu ita ce duk sirrin jadawali, daga na aji har na banki. In mako ya ƙare sai ki yi ta tambaya: wa ya yi aiki ranar Talata? Wace rana ce Yaya bai taɓa komai ba? Aiki nawa aka yi ranar Asabar gaba ɗaya? Sai ta zana kiret ɗin a takarda, ta rubuta lamba a madadin wake. Ta yi jadawali ke nan da hannunta, kuma ta san ma'anar kowane gida da ke ciki.

Daga nan ki ce ta ɗauko jadawalin darussan ajinsu. Yawancin yara sun haddace shi, shi ya sa tambayar “me kuke yi ranar Litinin da safe” ba ta gwada komai. Ki juya tambayar. Sau nawa kuke yin lissafi a mako? Wace rana ce babu Turanci bayan an dawo daga tara? In kika yi latti ranar Alhamis kika shiga aji ƙarfe tara saura kwata, wane darasi ya wuce ki? Irin waɗannan ne ke tilasta mata ta duba takardar.

Jadawalin lokutan salla, ko na sahur da buɗe-baki da ake rabawa da azumi, yana koyar da abu ɗaya da yara ke yawan tsallakewa, wato karanta kan takarda kafin a shiga ciki. Na wane gari ne? Na wane wata ne? Rana tana faɗuwa a Maiduguri kusan rabin awa kafin ta faɗi a Sakkwato, saboda Maiduguri na gabas. Wanda ke Sakkwato in ya sha ruwa da jadawalin Maiduguri ya karya azuminsa tun rana ba ta faɗi ba, ko da ya karanta lambar daidai. Ki gaya mata wannan sau ɗaya, za ki ga ta daina raina rubutun da ke saman jadawali. Ki kuma ba ta aikin duba lokacin magariba kullum ta sanar da gida. Yaro in aka danƙa masa abin da manya ke jira daga bakinsa, yakan kula.

Yanzu ga inda aka fi faɗuwa, kuma nan zan ɗan daɗe. Ki zana mata jadawalin jirgin ƙasa. Tashoshin na gaske ne a layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, amma lokutan ni na tsara su don darasi, kada a kama hanya da su:

Tasha | Jirgi na ɗaya | Jirgi na biyu
Idu | 07:45 | 15:10
Kubwa | 08:05 | 15:30
Jere | 08:55 | —
Rigasa | 10:10 | 17:20

Kuskure na farko shi ne karantawa a kwance. Ki tambaye ta: jirgin da ya bar Idu 07:45, yaushe zai iso? Yara da yawa za su ce 15:10, don ita ce lambar da ke biye a layin, kuma haka suka saba karatu. Sai ki nuna mata cewa kowane jirgi gangarowa yake daga sama zuwa ƙasa, tasha bayan tasha. Ki ba ta murfin kwalba ki ce shi ne jirgin, ta tura shi daga Idu zuwa Rigasa tana faɗin lokacin kowace tasha. Layin kwance kuwa na mutumin da ke tsaye a tasha ɗaya ne yana jiran jirage: mai jira a Kubwa zai ga jirgi 08:05, ya sake ganin wani 15:30. Sannan ki nuna ɗan layin da ke gaban Jere ki tambaye ta me yake nufi. Ki bar ta ta yi tunani. In ta ce jirgi na biyu ba ya tsayawa a Jere, ta gano abin da ba a rubuta ba, kuma wannan babban mataki ne.

Kuskure na biyu ya fi yawa, kuma yaran da suka iya ɗebewa ne suka fi yin sa, don haka ina zaton 'yarki na ciki. Tafiyar jirgi na ɗaya awa nawa ce? Za ta jera 10:10 a sama, 7:45 a ƙasa, ta ɗebe kamar yadda aka koya mata, ta samu 265, ta rubuta awa 2 da minti 65. Ɗebewarta daidai ce. Abin da ta manta shi ne awa minti 60 ce, ita kuwa ta ara kamar awa minti 100 ce. Kada ki tsaya gyara aron, ki canza mata hanyar gaba ɗaya. Ki tuna mata yadda mai shago ke ba da canji: in an sayi kayan naira 350 aka ba shi dubu, cikawa yake, ya ce ga hamsin ɗari huɗu, ga ɗari ɗari biyar, ga ɗari biyar dubu. Haka za ta yi da lokaci. Daga 7:45 zuwa 8:00 minti 15. Daga 8:00 zuwa 10:00 awa 2. Daga 10:00 zuwa 10:10 minti 10. A haɗa, awa 2 da minti 25. Ta ja layi a takarda ta riƙa yin tsallen nan uku a kai: a cika zuwa awa, a tsallake awanni, a ƙara ragowar. In akwai agogon bango mai hannu a gidan, ki sauke shi ki cire batirin, ta juya hannun da kanta ta ga yadda dogon hannu ke zagayowa kafin gajeren ya matsa lamba ɗaya. Yaran da suka tashi da agogon waya kaɗai sukan ga 7:45 a matsayin lamba kawai, ba sa jin cewa takwas saura kwata ce, wato saura ƙiris takwas ta cika.

Da ta samu wannan sai ki ce ta lissafa tafiyar jirgi na biyu. Awa 2 da minti 10. Wanne ya fi sauri, da minti nawa, kuma me take ganin ya jawo? Sannan tambayar da masu jarrabawa ke so: Baba na da taro a Kaduna ƙarfe sha ɗaya na safe, yana zaune a Kubwa, wane jirgi zai hau, kuma ƙarfe nawa ya kamata ya kasance a tasha? A nan daga ƙarshen jadawali ake farawa a hauro sama, abin da yaro ba ya yi sai an nuna masa.

Lambobin 15:10 da 17:20 ba su da wuya. Duk abin da ya wuce 12, a cire 12, na yamma ne ko na dare. Ki mayar da agogon wayarki tsarin awa 24 na tsawon wata guda, ki riƙa cewa ta duba miki lokaci. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun fi mu sabawa da wannan tsari, don da shi ake rubuta lokaci a takardun hukuma a Nijar. Wuri ɗaya ne ke son bayani. A wurinmu dare ne ke riga rana shiga, daren Juma'a shi ne daren da ya biyo bayan yinin Alhamis. A jadawali kuwa rana tana sauyawa ne ƙarfe sha biyun dare, 00:00. In aka rubuta jirgin sama zai tashi Juma'a 00:30, to Alhamis da dare za a bar gida. Manya ma na rasa jirgi a kan wannan.

Sai giraf. Shi ma kada ki fara da na littafi. Ki aike ta ta tambayi mutanen gida da maƙwabta abincin da kowa ya fi so a cikin huɗu: tuwo, shinkafa, taliya, ɗanwake. Ta riƙa jan kara ɗaya ga kowane mutum, in sun kai huɗu na biyar ya gicciye su, don a ƙirga biyar-biyar. In ta dawo ki ba ta dunƙulen magi, ta jera su a kan tabarma ko tebur, layi huɗu, dunƙule ɗaya mutum ɗaya. A ce tuwo ya samu bakwai, shinkafa tara, taliya huɗu, ɗanwake biyar. Tun kafin ta ƙirga, ido ya riga ya gaya mata shinkafa ce kan gaba, kuma amfanin giraf ke nan.

Daga nan ki ɓata mata shi da gangan. Ki tura layin taliya gaba har kansa ya wuce na shinkafa, ki ce ai taliya ta ci. Za ta yi gardama, ta ce ba daga wuri ɗaya suka fara ba. Madalla, ta faɗi ƙa'ida ta farko da bakinta. Sai ki kwashe magin taliya ki jera manyan tsakuwa huɗu a wurinsu, su fi kowane layi tsawo. Za ta ce ai girmansu ba ɗaya ba ne. Ƙa'ida ta biyu ke nan. Ƙa'idar da yaro ya kare da gardama ba ya mantawa da ita, shi ya sa na fi son wannan hanya a kan a rubuta masa a allo.

Mataki na gaba, ta ɗauko littafin lissafi mai gida-gida, ta cike gida ɗaya da fensir a madadin kowane dunƙule, ta rubuta sunan abincin a ƙasa, ta jera lambobi a gefe daga sifili, ta kuma rubuta kan zanen a sama. Ki kula da abu ɗaya a nan: lambobin gefe a kan layi ake rubuta su, ba a cikin gida ba, kuma sifili yana kan layin ƙasa. Yaran da suka sa 1 a layin ƙasa duk amsoshinsu sai su goce da ɗaya. Wannan tafiya daga abin da hannu ke taɓawa, zuwa hoto, zuwa alama, ita ce masanin ilimin nan na Amurka Jerome Bruner ya bayyana tun a shekarun 1960, kuma duk malamin firamare mai lura ya ga gaskiyarta. Abin da ke faruwa a ajujuwanmu shi ne a tsallake biyun farko a dira kan na uku.

In na zaɓi abu ɗaya da ya fi kayar da yara a giraf, taki ne, wato nawa kowane gida ya ɗauka. A zanen da ta yi, gida ɗaya mutum ɗaya ne. A jarrabawa kuwa gida ɗaya na iya zama 2, ko 5, ko 10, ko 50. Kada ki faɗa mata wannan, ki bar buƙata ta kawo shi. Ki ce ta zana yawan ɗaliban ajujuwan makarantarsu, inda aji ɗaya zai kai hamsin ko sittin. Za ta ce takardar ba za ta isa ba. Sai ki tambaye ta, to yaya za mu yi? In ta ce gida ɗaya ya zama mutum goma, ta gano takin da kanta. Sannan aji mai mutum 45 fa, ina sandarsa za ta tsaya? A tsakiyar 40 da 50.

Akwai wata dabara da za ta haddace. In an rubuta 20 da 30 a gefe, kuma akwai ƙananan layuka tsakaninsu da ba a sa musu lamba ba, ta ƙirga tazarar da ke tsakani, kada ta ƙirga layukan. Layuka huɗu a tsakani na nufin tazara biyar, goma a raba biyar, kowane taki 2 ne. Sanda da ta tsaya a layi na uku bayan 20 tana nufin 26. Yaro da bai san wannan ba 23 zai rubuta. Ta kuma riƙa ɗora rula a kan sanda a kwance har ta taɓa lambobin gefe, don ido shi kaɗai yakan zame sama ko ƙasa, balle in sandar na nesa. Haka abin yake a giraf mai hotuna: a ƙasa ko a gefe akwai ɗan bayani da ke cewa, misali, hoton buhu ɗaya buhu huɗu yake wakilta. Hoto uku da rabi buhu 14 ne. Wanda bai duba bayanin ba zai ce uku da rabi.

Giraf mai layi kuwa, ina kyautata zaton kina da shi a cikin akwati: katin awon jarirai na asibiti. Watannin yaro na jere a ƙasa, nauyinsa da kilo a gefe, duk zuwa awo ma'aikaciyar lafiya ta ɗiga ɗigo. In nata na nan, ki ɗauko mata, babu abin da zai ja hankalinta kamar labarin kanta. Kilo nawa kike a wata shida? Tsakanin waɗanne watanni kika fi saurin girma? In akwai inda layin ya kwanta ko ya sauka, ki ba ta labarin abin da ya faru a lokacin, ko ciwo ne ko yaye. Ta nan za ta gane layi mai hawa ƙaruwa ce, mai miƙewa a kwance tsayawa ce, mai sauka raguwa ce, kuma gwargwadon tsayuwar layin gwargwadon saurin canjin.

A irin wannan giraf akwai ruɗin da masu binciken koyar da lissafi suka daɗe da ganowa: yaro ya ɗauki zanen a matsayin hoton wurin. A zana tafiyar yarinya daga gida zuwa makaranta, lokaci a ƙasa, nisa daga gida a gefe. Layin ya hau, ya kwanta, ya sake hawa. Yara da yawa za su ce ta hau tudu, ta bi shimfiɗaɗɗiyar hanya, ta sake hawa tudu. Alhali inda layin ya kwanta tsayawa ta yi, lokaci na tafiya nisa bai ƙaru ba, wataƙila ta tsaya sayen ƙosai. Maganinsa a tsakar gida yake. Ki zana layi, ta taka shi da ƙafa: ta yi tafiya, ta tsaya cik, ta ruga, ta dawo. Sannan ke ki yi tafiyar, ita ta zana.

Wata malamar lissafi a Amurka, Frances Curcio, ta kasa tambayoyin giraf gida uku a wani bincike da ta buga a 1987, kuma kason nata zai taimake ki wajen shirya tambaya. Akwai wadda amsarta na kwance a kan takarda, a ɗauko kawai. Akwai wadda sai an haɗa abu biyu ko an gwama su. Akwai kuma wadda sai an haɗa zanen da abin da aka sani a rayuwa. Ɗauki giraf na ruwan sama a Kano wata-wata. Wane wata ne aka fi ruwa? Agusta, sandarsa ta fi kowacce. Da nawa ruwan Agusta ya fi na Yuni? Sai an karanta sanda biyu an ɗebe. Me ya sa Disamba da Janairu ba su da sanda, kuma in manomi zai shuka gero wane lokaci zai sa ido? Wannan sai wanda ya san damina da rani. A aji galibi iri na farko ake yi, jarrabawa kuwa ta fi son na biyu, rayuwa ta fi buƙatar na uku. Ki riƙa cakuɗa mata su. In ta fara sabawa, ki ce ita ta shirya miki tambaya uku a kan zanen, ke ki amsa, wani lokaci ki ba da amsar da ba daidai ba ki ga ko za ta kama ki.

Giraf mai da'ira da aka yanka kashi-kashi kada ya dame ki yanzu. In ta san rabi da kwata da ɗaya bisa takwas, ki yanko takarda zagayayya ku ninke ta ku gani, ya wadatar a matakinta.

Game da jarrabawar, ko ta shiga makarantun gwamnatin tarayya ce da hukumar NECO ke shiryawa ko ta jiha, ki samo tambayoyin shekarun baya, amma sai bayan kun yi makonni kuna wasan kiret da magi da agogo. In kun zo kansu, ki rufe tambayar da tafin hannunki tukuna, ta gaya miki abu huɗu: zanen a kan me yake, me ke ƙasa, me ke gefe, taki nawa ne. Sai ta faɗe su za ki ɗaga hannu. Da farko za ta ga kamar ɓata lokaci ne, amma yaran da ke tsallake irin wannan tambaya tsoron yawan abin da ke shafin ne ke korarsu, kuma waɗannan huɗun ne ke ba su wurin kamawa. Minti goma ko sha biyar, sau uku ko huɗu a mako, ya fi zaman awa biyu ranar Asabar. In ta yi kuskure ki ce ta nuna miki yadda ta samo amsar kafin ki gyara, don sau tari a cikin nunawar take ganin kuskuren da kanta.

Ki kuma lura da idonta. In kin ga tana kai takarda dab da fuska, ko tana ƙanƙance ido, ko kullum layin sama ko na ƙasa da wanda ake nema take karantowa ko da ta sa rula, ki kai ta a auna mata ido. Ƙananan lambobin jadawali da siraran layukan giraf su ne ke fara fallasa raunin gani, tun kafin a lura da shi a karatun littafi. Ki kuma je ki ga malamin ajinsu, ki gaya masa abin da kika gano, ko Turanci ne, ko taki, ko lissafin minti, ki roƙe shi ya matso da ita gaba a ranar da zai zana giraf a allo.